Sawun Keken Ummul Khairi

Mata masu zuwa rijiya ne suka fara ganinta. Ruwa ya ɗauke da asuba, ƙasa ta kwanta luf, gero ya kai ƙirjin mutum dama da hagun 'yar siririyar hanyar da ta baro kwalta ta nufi Tudun Kanya. Daidai inda hanyar ta matse tsakanin wasu aduwoyi biyu suka iske Ummul Khairi yashe a gindin dutse, jini ya jiƙa kallabinta har ya sauko wuyan farar rigar aikinta. Jakarta na rataye a kafaɗa, salula na ta kuka a ciki. Keken ne kawai babu.

Kowa a wannan yanki na ƙasar Gouna ya san keken nan. Ummul Khairi ita ce ungozomar gidan likita na Tudun Kanya, amma a Zango take da aure, cikin birnin Damagaram. Kullum da safe takan hau kekenta mai batir ta taho, da la'asar ta koma, ba ƙara ba hayaƙi, sai dai mutum ya ji iska ta wuce shi da sallama. Tsofaffin garin ba su taɓa sakin jiki da shi ba.

Maigari ya aika a kira Mai Nasara. Shi ne mai bin sawu na yankin, dattijo siriri mara yawan magana, wanda ya sha bin shanun sata har bakin iyaka ya komo da su. Kafin ya iso an riga an ɗora Ummul Khairi a amalanken Abba, surukinsa, an kai ta bakin kwalta, wata mota ta wuce da ita babban asibitin birni. Tana numfashi, amma ba ta san inda take ba.

Mai Nasara ya tsaya ya dubi wurin, ransa ya ɓaci. Rabin gari ya tattake ƙasar, ga kofatan shanu, ga tayoyin amalanke.

"Kun karanta mini wasiƙar da ƙafafunku," ya ce a hankali. "Ku ja baya."

Ya bar ƙasa ya koma kan itatuwan. A jikin aduwar hagu, daidai gwiwar mutum, ɓawo ya saluɓe sabo fil. Ta dama ma haka. Ya tsugunna ya zaro wani zare da ya maƙale, ya murza, ya shinshina. Igiyar kaba ce, da gashin shanu a jikinta.

"Ranka ya daɗe, ba faɗuwa ta yi ba," ya ce wa Maigari. "Igiya aka ɗaura mata."

Kafin ya rufe baki wani daga baya ya ce, "Khalid!" Sunan ya bi bakin mutane kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

* * *

Khalid ɗan kabu-kabu ne, ɗan garin, kuma shi ke ɗauko Ummul Khairi daga Zango a babur kafin ta sayi keken. Maigari ya sa shi a zaurensa ya rufe, don samari sun fara zagaye babur ɗinsa da ashana a hannu. An kira jandarmomi, sun ce ƙoramar da ke tsakani ta cika, motarsu ba ta ƙetarewa, sai dai zuwa yamma su jira a bakin kwalta.

Mai Nasara ya shiga ya zauna a kan buzu. Khalid na rakuɓe a kusurwa, leɓensa ya fashe.

"An ce ka yi magana a teburin mai shayi."

"Na yi, Baba. Na ce keken nan sai ya ga bayan wani. Ita ta fara, malaman lakwal masu koyar da boko suka bi, yanzu in na fita da safe hanya fayau, ba mai tsayar da ni. Baki ne kawai. Matar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana zan ɗaura wa igiya?"

"Ina kake bayan sallar asuba?"

"Ina kwance. Ruwa ya shigar mini ɗaki, ban runtsa ba sai da gari ya kusa wayewa."

"Wa ya gan ka?"

"Allah." Ya share hanci da bayan hannu, sannan ya ɗago ido. "Baba, ka yi mini aikin gafara, amma in jin haushin keken nan ne laifi, ba ni kaɗai ba ne a garin nan. Kai ma ka sani."

Mai Nasara ya kawar da kai. Ya sani. Bara warhaka 'yar autarsa Habiba, matar Abba, ta yi ta naƙuda a gidan likita tun safe ana jiran Madam, kamar yadda garin ke kiran Ummul Khairi, Madam ba ta iso ba sai da rana ta take. An ce batirin keken ne ya mutu a hanya. An sami jaririyar, aka sa mata Aliya. Habiba kuwa jini ya tafi da ita. Tun daga ranar, in ya hango farar rigar nan tafe, sai ya sami abin dubawa a wani gefen.

Ya miƙe. "Buɗe hannuwanka." Khalid ya buɗe. Baƙin mai ne kawai a faratansa.

* * *

Mutum na biyu da bakin gari ya kama shi ne Umaru, mai gonar da aduwoyin ke bakinta. Yana da shanun noma, yana da igiya, kuma da bazara keken ya taɓa bankaɗe masa tunkiya mai ciki, har aka yi cacar baki gaban Maigari.

Mai Nasara ya same shi a ƙofar gidan likita, zaune a kan dutse ya haɗa kai da gwiwa. Daga ciki ana jin nishin mace da muryoyin tsofaffi suna ba ta baki.

"Matata Salamatu ce," in ji Umaru. "Tun jiya take abu ɗaya. Ɗan ya zo a gicciye, in ji su. Baba Mai Nasara, ni na kira Madam! Ni na ce ta yi sauri. In na ɗaura mata igiya, wa na ɗaura wa?"

"Yaushe ka kira ta?"

"Muna idar da asuba."

"A ina?"

"Ƙofar masallaci. Nan ne kaɗai salula ke kamawa in an yi ruwa."

"Wa ke kusa da kai?"

Umaru ya dube shi kamar ya yi tambayar wauta. "Duk wanda ya yi salla. Ihu nake yi, don ba ta ji na sosai. Ta ce ga ta nan, ta gajeriyar hanya za ta biyo."

"Ina igiyar shanunka?"

"Tana wuyansu. Je ka duba."

Ya je ya duba. Igiyar roba ce shuɗiya, irin ta kasuwa. Wannan bai wanke Umaru ba, don gidan manomi ba ya rasa tsohuwar igiya. Amma ya faɗaɗa abin: duk namijin da ya tsaya a sahu ya san Madam na tafe ita kaɗai, ya kuma san ta inda za ta biyo.

* * *

Ya koma aduwoyin shi kaɗai. Ya bar inda aka tattake, ya yi ta zagaye cikin gero, kowane zagaye ya fi na baya faɗi. A gabas, tsakanin kunya biyu, ya tsinci abin da yake nema: taya mai faɗi, zanenta kamar haƙoran zarto, da sawun mutum a hagunta. Tura shi aka yi, ba hawa ba. Takalmin roba ne, irin wanda rabin mazan garin ke sawa, kuma mai tura kaya a cikin laka ba ya taka ƙasa yadda ya saba takawa. Ƙafar ba ta gaya masa komai ba.

Ya bi sawun. Bai yi nisa ba ya tsaya cak.

A nan ƙasa ta yi abin da bai taɓa gani ba. Tayar baya ta haƙa rami, ta watso laka baya kamar kofaton dokin da aka zabura. Sawun mutumin ya buɗe, taku mai tsawo, wani mai tsawo, sai jan ƙafa, sai gurbin gwiwa da tafin hannu biyu da suka nutse a taɓo. Gero ya kwanta inda keken ya faɗi. Mai Nasara ya san abin da raƙumi ke yi in ya fizge akala, ya san na jaki, amma keken da ba kowa a kansa ya ja ƙato ya kayar, wannan bai san shi ba.

Daga nan sawun ya canja. Tayar gaba ta shiga lanƙwasa kamar maciji, tafiyar ta yi nauyi. Ya bi ta har gindin tulin duwatsun da ke bayan gonaki. A wani tsagi da aka toshe da ƙaya ya sami keken a jingine, makullinsa a jiki, wata 'yar fitila kore tana ci. Ba a cire batir ba, ba a taɓa komai ba. Da ɓarawo ne, da ya yi yamma, wajen kwalta da kasuwar birni. Wannan ɓoyewa kawai ya yi.

Ya duba shi ba tare da ya taɓa ba. Laka ta bushe a hannun hagu na keken. Ta bushe a kan sirdi, shatin yatsu a fili. Hannun dama kuwa tas yake.

* * *

Madam Rahina, malamar lakwal, ita ma da irin keken take zuwa daga birni. Ya same ta ta sallami yara tun kafin lokaci, tana zaune da salula a cinya, idanunta sun kumbura. Ya roƙe ta ta biyo shi duwatsun. A hanya ya gaya mata abin da ƙasa ta nuna.

"Ai kowa sai ya yi masa haka sau ɗaya," ta ce. "Hannun dama shi ake murɗawa a ba shi wuta. Ba ya ƙara, ba ka sanin a kunne yake. In ka kama shi za ka tura, hannunka ya ɗan juya, sai ya fizge ka. Ni ranar farko cikin kwata ya zuba ni a Zango, gaban masu shaguna. Tun daga nan ban ƙara kama wannan hannun ina ƙasa ba."

Mai Nasara ya ci gaba da tafiya. Can ya ce, "Da tare kuke zuwa da Ummul Khairi. Me ya raba ku?"

Rahina ta dube shi. "Baba, kai za ka tambaye ni?"

"Ni na tambaya."

"Tun ranar rasuwar Habiba, ba ta ƙara jiran kowa ba. Lokacin an ɗauke wutar kuran a unguwarmu, kwana da kwanaki babu. Ta zaga neman inda za ta yi caji, ta sami ɗan kaɗan wurin mai injin niƙa, ta ce zai kai ta. Bai kai ta ba. Can bayan ƙorama ya mutu. Ta kira 'yan kabu-kabu, duk suna kasuwar Mirya. Ta yar da shi a cikin ciyawa ta taho da gudu, takalmi a hannu. Ni na cire mata ƙaya a ƙafa da yamma. Ba ta ci abinci ba sai da mijinta ya haɗa ta da Allah. Daga nan ta sayar da awarwaronta ta sa faranti mai ɗaukar hasken rana a kan ɗakinta, don kada ta ƙara dogara da kuran. Kuma ko tsakiyar ruwa aka kira ta, fita take."

"Ba wanda ya gaya mana."

"Ta hana. Ta ce wanda ya rasa 'ya ba ya bukatar jin labarin ƙafar wani."

Mai Nasara ya tsaya kamar zai gyara takalmi. Ya daɗe a sunkuye.

Rahina ta kashe keken, suka turo shi ta bayan gari. Ya ce mata, "In na ɗaga miki kai a ƙofar Maigari, ki kunna shi. Kada ki ce komai."

* * *

Ya biya ta gidan likita. Fanta, ɗaya daga matan da suka tsinci Ummul Khairi, ta fito zubar da ruwa, zufa ta jiƙe ta.

"Yaya mai jiki?"

Ta girgiza kai. "Mun yi iya saninmu. Hannun Madam ake so a nan. An nemi mota, ƙorama ta hana."

"Da kuka gan ta da safe, yaya take kwance?"

"A gefenta. Kanta a kan kallabi, a ninke."

"A ninke? Ku kuka ninke?"

"Haka muka same ta." Fanta ta aje bokitin. "Allah dai ya yi wa Abba albarka. Ba mu gama salati ba sai ga shi da amalanke, shanu a ɗaure, har da tabarma a shimfiɗe. Da ba don shi ba, da a nan za ta cika."

Mai Nasara ya san tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a fito da shanu daga turke a ɗaura musu karkiya. Ya san ba mai fita da amalanke da sassafe bayan ruwa irin wannan. Ya yi wa Fanta sallama, ya nufi masallaci, ya yi azahar, ya zauna har kowa ya watse. Ya nemi wata hanyar da tunanin zai bi, bai samu ba.

* * *

Bayan la'asar gari ya taru a ƙofar Maigari. Mai Nasara ya sa an kafa keken a tsakiyar fili. Aka fito da Khalid, aka aika kiran Umaru. Abba na tsaye a bayan surukinsa kamar yadda ya saba, kai a ƙasa, bai daɗe da komowa da shanu daga bakin kwalta ba.

Mai Nasara ya ɗaga wa Rahina kai. Ta wuce ta jikin keken kamar mai gyara tsayuwarsa.

"Khalid, tura shi zuwa bangon can."

Khalid ya matso, ya ga 'yar fitilar, ya sa hannu ya murɗe makulli, sannan ya kama ya tura.

"Don me ka kashe?"

"Baba, mai babur ba ya tura abin da ke kunne."

Mutane suka yi gunaguni, ba su ga abin da aka gwada ba. Rahina ta karɓi keken ta kafa shi jikin bango, hannunta ya sake bi ta kan makullin. Umaru bai iso ba. Mai Nasara ya dubi keken. Ya yi magana ba tare da ya waiwaya ba.

"Abba, rana na dukan abin mutane. Kai shi ƙarƙashin darbejiya."

Abba ya ɗan yi turus, sannan ya fito. Ya kama hannun hagu. Hannunsa na dama ya tashi kamar zai kama ɗayan, ya tsaya a iska, ya koma baya ya dafa sirdi. Haka ya tura shi har inuwa, tayar gaba na lanƙwasa a kan rairayi. Ba wanda ya kula, sai mutum ɗaya.

Umaru ya iso yana huci. "Matata na tsakanin rai da mutuwa, ku kuna wasa da keke?"

"Yi haƙuri. Turo mini shi nan, ka koma."

Umaru ya cafki hannu biyu da fushi. Keken ya zabura, ya ja shi taku biyu, ya kifar da shi a kan gwiwa da tafin hannu. Mata suka yi salati. Tayar baya ta bar rami a ƙasa.

Mai Nasara ya nuna ramin da sandarsa. "Ranka ya daɗe, irin wannan na gani a cikin gero, sak. Wanda ya ɗauke keken nan bai san shi ba, ya ja shi ya kayar. Khalid ya san shi, ba zai faɗi ba."

"To Umaru ne!" in ji wani.

"Umaru yanzu ya fara faɗuwa. Da ya faɗi da safe, da bai kama wannan hannun ba. Wanda nake bi, da ya tashi daga taɓo bai ƙara taɓa hannun dama ba. Ya riƙe hagu, ya dafa sirdi. Lakar hannunsa na nan, kowa ya zo ya gani."

Ya juya a hankali. Muryarsa ta yi ƙasa, amma filin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Abba. Ka taɓa ce mini ko kallon keken nan ba ka iya yi. Wa ya koya maka tsoron hannunsa na dama?"

Abba bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa. Da ƙarya zai yi wa Maigari, wataƙila da ya iya. Amma mutumin da ya ba shi 'ya, ya kuma tsaya kusa da shi a bakin kabarinta, shi ke tambaya.

"Keken na so in karya, Baba," ya ce. "Wallahi keken. Shi ya sa na ɗaura ƙasa-ƙasa. Na ji Umaru na roƙonta a ƙofar masallaci, kalma ɗaya da wadda na faɗa bara. Na ji ta ce ga ta nan. Ni ma haka ta ce mini. Sai na ga kaina a turke ina kwance igiya. Na ɗauka za ta faɗi a rairayi ta tashi, ta ƙarasa da ƙafa, ta koma hawan babur kamar da. Ban tuna da dutsen ba."

"Ka gan ta cikin jini."

"Na gyara mata kwanciya. Na ruga in kawo amalanke."

"Sai da ka fara ɓoye keken."



A daidai nan kuka ya tashi daga wajen gidan likita, kukan manyan mata. Fanta ta ɓullo da gudu, ba kallabi. Ta tsaya gaban Umaru, wanda har yanzu ke kakkaɓe gwiwa.

"Salamatu na nan da rai," ta ce. "Namiji ne. Bai zo da numfashi ba."

Umaru ya dube ta, ya dubi Abba.  Ya juya ya nufi gidan likita, yana tafiya kamar wanda aka ɗora wa buhu. Abba kuwa ya zube a ƙasa ya rufe fuska.

Samarin da suka kewaye babur ɗin Khalid da safe suka fara matsowa. Mai Nasara ya shiga tsakani, ya gitta sandarsa.

"Ni na bi sawun, ni zan kai shi. Ranka ya daɗe, ka ba ni izini."

Maigari ya ɗaga hannu. Aka buɗe musu hanya.

* * *

Suka bi ta cikin gero su biyu, Abba a gaba, ba ɗauri ba komai. Sun ƙetare ƙorama ruwa iya cinya. Rana ta yi ja lokacin da suka hango motar jandarmomi a bakin kwalta.

Abba ya rage tafiya. "Baba, jan bijimin nan yana ɗingishi, a duba masa kofato."

"Za a duba."

"Gyaɗar da ke fadama tana son noma."

"Na ji."

Suka ƙara 'yan taku. Abin da yake son faɗa ya ƙi fitowa sai da suka kusa motar.

"Aliya ba ta barci sai an ɗora ta a ƙirji. In ta girma..."

"In ta girma ni zan gaya mata, ba 'yan gari ba."

"Ka yafe mini, Baba."

"Ba ni ka yi wa ba," in ji Mai Nasara. Ya so ya tsaya a nan, amma ya ga yadda kafaɗun yaron ke rawa. Ya ɗora masa hannu a ƙeya, kamar yadda ya yi ranar jana'iza, ya riƙe shi haka har jandarma ya buɗe ƙofa.

A hanyar komowa ya haɗu da Madam Rahina, tana tura nata keken zuwa kwalta, don ta ce yau ba ta iya hawa ta nan. Mijin Ummul Khairi ya kira ta. Ya ce matarsa ta farfaɗo, ta gane mutane, amma hannunta na dama bai motsa ba tukuna, likitoci sun ce sai an ga abin da Allah zai yi.

"Ta yi magana?"

"Ta tambayi Salamatu. Ba wanda ya iya ba ta amsa."

Mai Nasara ya jinjina kai. "Ki ce mata ina nan tafe. Ni zan gaya mata. Akwai kuma gaisuwar da ban yi mata ba tun bara."

Ana kiran magariba ya shiga gida. Matarsa Hajara na tsakar gida da Aliya a hannu, yarinyar na ta kuka tana miƙa hannu wajen ƙofa. Labari ya riga shi isowa, ya gani a fuskar Hajara.  Ya jingine sandarsa, ya zauna a bakin tabarma da rigarsa jiƙe da ruwan ƙorama, ya karɓi yarinyar ya kwantar da ita a ƙirjinsa. Ta yi ta ture shi tana leƙen ƙofa. Ya riƙe ta, yana bubbuga bayanta a hankali, har aka tayar da salla ba shi.